Kalangu a Akwatin Rediyo: Matsayin Kiɗan Gargajiya a Gidajen Rediyon Ƙasa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa tsakanin shekarun 1960 da na 1990 yana da wata murya da ta zauna masa a kunne har yau, ko da bai taɓa ganin mai ita ba. Wani muryar Mamman Shata ce, kalangai na biye da ita. Wani ta Ɗan Maraya Jos ce da ɗan kuntiginsa. Wata kuma ta Barmani Coge ce, ƙwarya na amsawa a bayanta. Yawancinmu ba a fagen biki muka fara jin waɗannan mutane ba. A akwatin rediyo muka ji su, a zauren gida, ko a teburin mai shayi, ko kuma akwatin na rataye a reshen bishiya a bakin gona, manomi na huɗa yana bin amshi.

Yau abubuwa sun sauya, har ya kamata a zauna a yi tambaya: wane matsayi kiɗan gargajiya yake da shi a gidan rediyon da ake kira na ƙasa, wanda ake ɗaukar nauyinsa da dukiyar jama'a? Abin da na lura da shi shi ne, gidajen rediyonmu ba su daina sa waƙoƙin magabata ba, amma sun yi sanyi wajen neman makaɗan da ke raye, su ɗauki muryarsu, su kai su kunnen jama'a. Ana cin tsohon hatsin rumbu, an bar shuka sabo. A nan matsalar take.

Yadda kiɗa ya shiga akwati

Rediyo ya iso Kano a 1944, a siffar akwatunan da ake haɗawa da waya daga tasha guda, da manyan lasifikoki da aka kafa a wuraren taruwar jama'a. A 1951 aka kafa hukumar watsa labarai ta Najeriya. Amma babban sauyi ga makaɗin Hausa ya zo ne a 1962, lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ta buɗe nata gidan rediyo da talabijin a Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. A 1978 gwamnatin soja ta tattara manyan tashoshi ƙarƙashin inuwa ɗaya, gidan ya zama Rediyon Tarayya na Kaduna. Da manyan na'urorinsa na Jaji, a wancan zamani muryarsa a kan mita 49 a gajeren zango takan ratsa Nijar da Kamaru da Cadi, ta kai zangunan Hausawa na Gana, har Sudan ana kama ta.

Sabon gidan rediyo yana da awoyi masu yawa da zai cika kullum, kuma mafi yawan masu saurarensa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa da matan aure da ke cikin gida. Abin da zai riƙe irin waɗannan mutane a gindin akwati shi ne abin da suka sani, suke ƙauna. Saboda haka ma'aikata suka riƙa gayyato makaɗa zuwa ɗakin ɗaukar murya, wani lokaci kuma su ɗauki na'ura su bi su har garuruwansu. Kiɗa ne ke jan mai saurare, idan ya zauna sai labarai da wa'azi da shirin noma su same shi a zaune. Filin Zaɓi Sonka ya ƙara ƙulla wannan zumunci. Mutum na Kumasi ko Maraɗi ko Garwa zai aiko da kati yana gai da 'yan'uwa da abokai, ya zaɓi waƙar da za a sa musu, kuma sau da yawa zaɓin kan faɗa ne a kan kalangu ko kotso ko kukuma.

Abin da rediyo ya yi wa makaɗi

Kafin zuwan rediyo, kowane kiɗa da muhallinsa. Makaɗin fada na ubangidansa ne. Ibrahim Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne, Salihu Jankiɗi na fadar Sarkin Musulmi, Aliyu Ɗandawo na Yawuri, Sarkin Taushin Katsina kuwa sunansa ma ya faɗi inda yake. Wanda ba ya kusa da fada ba shi da hanyar jin su. Haka makaɗin 'yan dambe sai an je fagen dambe, makaɗin noma sai ranar gayya, masu kiɗan amada kuma sai cikin gida a tsakanin mata, inda namiji ba ya shiga. Rediyo ne ya rushe waɗannan katangu. Bakano da bai taɓa taka Zamfara ba ya haddace waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo na Maradun da na Sa'idu Faru. Malamin makaranta da bai taɓa leƙa fagen dambe ba ya san Shago ta bakin Ɗan Anace. Mai gida ya ji abin da Barmani da Uwaliya Mai Amada ke faɗa wa mata game da sana'a da zaman kishi.

Wannan haɗuwa ta yi wa harshen kansa amfani. Karin harshen Sakkwato da na Katsina da na Kano da na Haɗeja, inda Haruna Uji ya fito da gurminsa, duk sun shiga kunne ɗaya. Kalmomin sarauta da na yaƙi da na doki da na noma, waɗanda da sun tsaya a yankinsu, suka zama na kowa. Ɗaliban Hausa a jami'o'i sun samu abin nazari: Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin Shata, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta littattafai a kan makaɗa da mawaƙan Hausa. A al'ummar da ta saba kallon makaɗi a matsayin maroƙi mai ƙaramin matsayi, sai ga Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988, Jami'ar Jos kuma ta ba Ɗan Maraya. Da wuya a ce hakan za ta faru in da rediyo bai riga ya mai da su mutanen ƙasa baki ɗaya ba.

Rediyo ya kuma sauya yadda ake waƙar. A fagen biki makaɗi kan ja waƙa ɗaya gwargwadon yadda ake yi masa kari, ya ga fuskar wanda yake wasawa, ya saka sunan duk wanda ya shigo fage. A ɗakin ɗaukar murya babu mai kari, babu mai guɗa, ga agogo na jira. Dole aka taƙaita, aka rage zambo mai zafi, aka tace batsa. An yi hasarar wani armashi, amma an samu wani abu a madadinsa: makaɗi ya koyi yi wa mutanen da bai sani ba waƙa, a kan abin da ya shafi kowa. Waƙoƙin Ɗan Maraya a kan karen mota da zaman aure da halin ɗan Adam sun dace da wannan sabon fage ƙwarai.

Gwamnatoci ma sun gane ƙarfin abin. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, makaɗa sun yi wa sojoji da haɗin kan ƙasa waƙoƙi. Da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, aka bar fam da sule aka kama naira da kwabo a 1973, aka kawo ilimin firamare kyauta a 1976, bakin makaɗa aka ara domin saƙon ya kai ƙauye. Abin da takardar sanarwa ba za ta iya ba a inda masu karatun boko ba su da yawa, amshin waƙa ya yi shi cikin 'yan kwanaki.

A Nijar ma haka labarin yake, da ɗan bambancin salo. An buɗe gidan rediyon ƙasa a Yamai a 1958, ya ɗauki sunan Muryar Sahel a 1974. Yana magana da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci da wasu harsunan ƙasar, kuma kowane harshe ya shigo da kiɗansa. A zamanin Seyni Kunce, ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa da aka fara a Damagaram a 1976 sun samar da waƙoƙi masu yawa da rediyo ya ɗauka ya yaɗa. Daga baya aka kafa gasar Ɗan Gurmu, da sunan shahararren makaɗin nan na Tawa, aka kuma buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai a 1989. Iyakar da Turawa suka shata ba ta taɓa tare kiɗa ba: mutanen Katsina da Daura na jin Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram, mutanen Maraɗi da Ƙonni na jin Shata kamar nasu.

Da kiɗa ya sauya

Dalilai da dama ne suka taru suka rage wa kiɗan gargajiya fili. Na farko kuɗi. A 1992 Najeriya ta buɗe ƙofa ga gidajen rediyo masu zaman kansu, Nijar ma ta bi sahu a shekarun 1990. Gidajen gwamnati aka ce su nemi wani ɓangare na abin da za su riƙe kansu. Daga nan kowane minti ya zama haja. Filin da ɗan siyasa ko mai maganin gargajiya ko kamfanin waya zai saya ya fi filin da babu mai ɗaukar nauyinsa daraja a idon mai lissafi. Gayyato makaɗi da 'yan amshinsa da masu kiɗansa da sanƙirarsa, mutum goma ko fiye, a biya musu mota da masauki da sallama, ya zama nauyin da ake gudu.

Na biyu fasaha. Fina-finan Hausa na bidiyo, da suka fara da Turmin Danya a 1990, sun zo da waƙoƙin da ake haɗawa da fiyano a situdiyo, inda mutum ɗaya da na'ura ɗaya ke yin aikin ƙungiya guda. Waƙar nanaye ta mamaye bukukuwa, mai sa faifai ya karɓe filin da makaɗi ke samun abinci. Daga baya wayar hannu ta zo, da masu tura waƙoƙi a bakin kasuwa, sannan YouTube da TikTok. Tashoshin FM, har da waɗanda Rediyon Tarayya ya buɗe a jihohi tun farkon shekarun 2000, sun fi karkata ga matasan birni, alhali gajeren zangon da ke kai wa makiyayi da manomi na nesa ya yi rauni, masu saurare sun daɗe suna koke a kai.

Na uku mutuwa. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Allah ya jiƙansu. Tare da su ma'aikatan rediyo na farko, waɗanda suka san wane makaɗi ne a wane gari, suka san bambancin kotso da taushi da jauje, su ma sun yi ritaya ko sun riga mu gidan gaskiya.

Na huɗu, wanda ya fi ciwo, rashin tsaro. Maradun da Isa da Zurmi da ƙauyukan da ke kewaye da su, wato mahaifar manyan makaɗan fada da na maza, suna cikin yankin da 'yan bindiga suka addaba. Inda ba a iya noma cikin kwanciyar hankali ba a kiɗan gayya. Inda ba a taron dare babu gaɗa, babu kalangu a dandali. Yaro kuwa a irin waɗannan wurare yake koyon kiɗa, yana bin mahaifinsa yana riƙe masa ganga. Idan fagen ya mutu, makarantar ce ta mutu.

Sakamakon duk wannan shi ne abin da muke ji yau. Kiɗan gargajiya ya koma taken buɗe shiri, ko abin cike gurbi kafin labarai, ko fili guda a mako na tunawa da mazan jiya. Sunayen da ake maimaitawa 'yan kaɗan ne, kuma kusan dukansu sun rasu. Yaron da ke saurare zai ɗauka cewa kalangu abu ne da aka binne tare da Shata, alhali ga makaɗan dambe can suna cashewa a Kano da Sakkwato da Dei-Dei ta Abuja, ga zuriyar Ɗanƙwairo riƙe da kotso, ga makaɗan kokowa na Nijar duk shekara a gasar takobi, ga masu kakaki da algaita da tambari a kowace fada.

Hujjojin masu ja

Akwai masu cewa in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya. Matasa su ne mafi yawan jama'a, kuma ba sa son tsohon kiɗa. Gaskiya ne zamani ba ya tsayawa, kuma mawaƙan zamani irin su Aminu Ala da Nura M. Inuwa da Naziru Sarkin Waƙa suna da fasaharsu da haƙƙinsu na a ji su. Sai dai mutum ba ya son abin da bai taɓa ji ba. Waɗanda suka so Narambaɗa a Kano da Zariya sun so shi ne domin an sa musu shi har ya shiga jikinsu. Kuma duk wanda ya kasa kunne zai ji yadda mawaƙan sarauta na yau ke ɗebo salo da kirari daga rijiyar makaɗan fada. Da tsohuwar zuma ake magani. Gidan rediyo mai zaman kansa yana da uzurin bin kasuwa, tunda da ita yake rayuwa. Na ƙasa an kafa shi ne domin ya ɗauki abin da kasuwa ba za ta ɗauka ba.

Wasu kuma na cewa yawancin kiɗan nan roƙo ne da wasa masu mulki da masu kuɗi, wani ma yana da alaƙa da bori ko shagalin da addini bai yarda da shi ba. Wannan magana tana da gefen gaskiya, kuma tun da can gidan rediyo yana tace abin da zai sa. Amma waƙar fada kundin tarihi ce: a cikinta ake samun jerin sarakuna, da sunayen garuruwa da yaƙe-yaƙe, da sifofin da ake so shugaba ya kasance da su, kamar adalci da haƙuri da kyauta. Bayan haka, kiɗan gargajiya ya fi waƙar yabo faɗi nesa ba kusa ba. Akwai waƙar daka da ta niƙa da ta reno, da waƙar gaɗa ta 'yan mata, da tashe na watan azumi, da kiɗan maƙera da mahauta da masunta da mafarauta. A nan ma rediyon da can yana da nasa gibi, domin ya fi bin mashahuran maza, ya bar waƙoƙin mata da yara da na masu sana'a a baya.

Akwai kuma masu tunatar da cewa gidan rediyon ƙasa ba na Hausawa kaɗai ba ne. Haka ne, kuma wannan ƙarin hujja ce. Gidan Kaduna yana da shirye-shirye da Fulatanci da Barbarci da Nufanci. Idan kiɗan Hausa, mai miliyoyin masu saurare, yana cikin wannan hali, to ina ga na ƙananan ƙabilun Filato da kudancin Kaduna da Adamawa, ko na Buduma da ke tsibiran tafkin Cadi? Marigayi Malam Maman Barka na Nijar, wanda ya rasu a 2018, sai da ya je takanas ya koyi kiɗan biram na Buduman a hannun tsohon da ya rage yana kaɗa shi, ba don haka ba da kayan kiɗan ya tafi tare da mai shi. Dokokin hukumar kula da kafofin watsa labarai ta Najeriya sun tanadi cewa mafi yawan kiɗan da ake sawa ya zama na gida, amma ba su bambanta kiɗan Legas na zamani da gogen ƙauye ba. Tasha na iya cika sharaɗin ba tare da ta sa kalangu ko sau ɗaya ba.

Taskar da ke jiran ceto

Babu jami'a ko gidan tarihi da ya tara muryoyin makaɗanmu kamar yadda gidajen rediyo suka tara. Da yawa daga cikin waƙoƙin ba su taɓa fita a faifan garmaho ko kaset na kasuwa ba, kwafi ɗaya tak ke akwai, a kan zaren tef. Shi kuwa tef yana da ajali. Zafi da ƙura da laima suna cin sa, na'urorin da ke juya shi an daina ƙera su, masu gyaransu na ƙarewa. Ƙasar Gini ta nuna cewa ana iya ceto. A zamanin Seku Ture gidan rediyonta ya tara ɗimbin waƙoƙi, kuma tsakanin 2008 da 2013 wani manazarci ɗan Ostareliya, Graeme Counsel, da tallafin Laburaren Birtaniya, ya kwafe waƙoƙi fiye da 9,000 daga tsofaffin zaruruwan zuwa na'ura mai ƙwaƙwalwa. Aikin bai fi ƙarfin Kaduna ko Yamai ba, musamman ga shi akwai Gidan Arewa a Kaduna, da sassan nazarin Hausa a jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato da Yamai, waɗanda za su iya tantance wane ne ya yi wace waƙa, a ina, kuma wa aka yi wa.

Sai batun haƙƙi. Waƙoƙin da aka ɗauka shekaru hamsin da suka wuce yau suna yawo a intanet, wasu na samun kuɗi da su, iyalan masu su kuwa ba sa ganin ko kwabo. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba fasahar gargajiya kariya, Nijar ma tana da ofishin kare haƙƙin masu fasaha. Gidan rediyon ƙasa ne ya fi cancanta ya fara nuna misali, ya rubuta abin da ya sa, ya biya magada abin da ya dace.

Abin yi

Gyaran ba ya buƙatar dabara mai nisa. A ware wa kiɗan gargajiya fili tsayayye a lokacin da jama'a ke saurare, da hantsi da bayan sallar isha'i, kada a tura shi tsakar dare. A mayar da al'adar fita ɗauko waƙa, kowace tashar jiha ta bi makaɗan yankinta, har da waɗanda rikici ya koro zuwa birane, har da mata da masu sana'a. A samu masu gabatarwa da suka san kan abin, waɗanda za su warware wa matashi ma'anar kirari da tarihin wanda aka yi wa waƙa, domin wanda ya fahimci waƙa shi ke ƙaunarta. A kwafe tsohuwar taska kafin ta lalace, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, gidan da kansa ya sa ta a intanet da sunan masu ita. Hukuma kuma ta ware kaso na musamman ga kiɗan gargajiya a cikin kason kiɗan gida. Sarakuna da attajirai da gwamnonin da har gobe ake yi wa waƙa su ɗauki nauyin irin waɗannan filaye, domin kakanninsu ta bakin makaɗa sunansu ya iso gare mu.

Hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu a jerin al'adun duniya a 2016, ta sa hawan sallar Kano a 2024. Dukansu biyu ba sa yiwuwa sai da makaɗa. Bai kamata duniya ta karrama biki ba, mu kuma mu bar masu kiɗansa su ƙare babu magaji. Kira nake ga shugabannin gidajen rediyonmu na ƙasa, a Najeriya da Nijar, su buɗe wa makaɗan da ke raye ƙofa tun suna da sauran murya. Kai kuma mai saurare, idan ka bugo waya ko ka aika saƙo a filin zaɓe, ka nemi a sa maka kotso ko gurmi ko kukuma, ka kuma kira 'ya'yanka su zauna su ji tare da kai.